Yadda Kwamfuta Ke Karanta Ranar Haihuwarka

'Yan uwa ɗalibai, ga tambaya: wace rana ce 01/10/1960? Duk ɗan Najeriya zai ce 1 ga Oktoba, ranar samun 'yancin kai. Amma ɗalibi a Amurka cewa zai yi 10 ga Janairu, domin su wata suke fara rubutawa, sannan rana. To ita kwamfuta fa, wanne za ta ɗauka?

Idan ka je kafe a Gumel ko Maigatari yin rajistar jarrabawa, abin da aka buga maka yana tafiya ne rumbun adana bayanai. Sunanka rubutu ne, ana ajiye shi yadda ya zo. Kwanan wata kuwa sai an fassara shi tukuna. Kwamfuta tana yanka rubutun gida uku, ta ba kowane gida matsayi bisa tsarin da aka ɗora ta a kai, sannan ta mayar da shi lamba. Misali, manhajar Excel tana ɗaukar 1 ga Janairu 1900 a matsayin 1, ta ci gaba da ƙirga kwanaki daga nan.

Idan tsarin kwamfutar na Amurka ne, kai kuma ka rubuta irin namu, ɗaya daga cikin abu biyu zai faru. Ɗauki ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, 27/08/1991. Babu wata na 27, don haka ba za ta karɓe shi a matsayin kwanan wata ba, a gane da matsala. Amma wanda aka haifa 03/04/2009, wato 3 ga Afrilu, shiru za ta yi ta rubuta masa 4 ga Maris. Nan haɗarin yake, domin ba ta gargaɗi kowa ba. Kwanaki 132 ne a kowace shekara suke iya juyewa haka.

Gajarta shekara ma tarko ne. Excel tana ɗaukar 29 a matsayin 2029, amma 30 a wajenta 1930 ce. Irin wannan gajartawa ce ta tayar wa duniya hankali gab da shiga shekarar 2000.

Don maganin ruɗanin, a 1988 aka fitar da tsarin bai-ɗaya mai suna ISO 8601: shekara, wata, rana. Ranar 'yanci ta zama 1960-10-01. Lokaci kuma da awa 24 ake rubuta shi, ƙarfe 7 na safe 07:00, na dare 19:00.

Me ya shafe mu? Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma daga rumbun hukumar NIMC take ɗauko suna da ranar haihuwa. Idan abin da ke can ya saɓa wa na takardar WAEC ko NECO, ana iya tsayar da kai wajen tantancewa a jami'a. Gyara kuwa sai da kuɗi da zirga-zirga.

Da yawanmu a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar a gida aka haife mu, abin da iyaye suka riƙe shi ne "da azumi" ko "bayan Babbar Sallah". Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa watan azumi yake zagaya rani da damina. Kada a bar mai kafe ya yi kintace, ko ya sa maka 1 ga Janairu don ya huta.

Kafin ka ce a tura:

1. Riƙe rana ɗaya, wadda ke kan takardar haihuwarka ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.
2. Rubuta wa mai bugawa sunan watan da haruffa, shekara kuma da lambobi huɗu.
3. Duba allon kwamfutar da idonka, sannan ka sake duba takardar da aka fitar maka.

Malamanmu masu shigar da sunayen ɗalibai, don Allah a duba tsarin kwamfutar ofis kafin a fara. Rigakafi ya fi magani.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta