Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Masa Yoyo: Muryar Majinyata a Bahri

A shekarar 2015 aka buɗe sabon ɗakin kulawa ta musamman a asibitin yara na Muhammad al-Amin Hamid da ke Omdurman a Sudan. Matasan ƙungiyar sa-kai ta Shari'ul Hawadis ne suka tara kuɗin aikin, kuma da ranar buki ta zo, sai suka miƙa almakashin yanke ƙyalle ga wata mai sayar da shayi, wadda a wurinta suke zama suna haɗa wa marasa galihu kuɗin magani. Sudan ta ɗauki zancen, domin kowa ya fahimci saƙon: asibiti na talakan da ke kwana a ƙofarsa ne.

Shekara takwas bayan nan, ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun rundunar RSF mai adawa da su. Bahri, birnin da ke arewa da Khartoum a tsallaken Shuɗin Nilu, na cikin wuraren da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Famfo ya ƙafe, mutane suka koma ɗibar ruwan kogi. Asibitoci suka rufe, ma'aikata suka watse, mai ciwon suga da mai wankin ƙoda suka rasa tudun dafawa.

A nan ne matasan unguwanni irin su Shambat da Halfaya suka kafa abin da suke kira ɗakunan agajin gaggawa. Tushensu kwamitocin unguwa ne da suka yi fice a boren da ya kawo ƙarshen mulkin Umar al-Bashir a 2019. Ruhin aikin kuwa tsohuwar al'ada ce da Sudaniyawa ke kira nafir, wato gayya a wurinmu. Sun buɗe takaya, inda ake dafa abinci a raba kyauta, sun nemo likitoci da ungozomomin da suka rage, sun bi gida-gida suna tambayar wa ke kwance, wane magani ya yanke masa. Wasu an kama su, wasu sun rasa rayukansu. A 2025 aka karrama waɗannan ɗakuna da lambar yabo ta Rafto a Norway.

Abin koyi a nan shi ne yadda suke yanke shawara. Buƙata daga bakin mai ciwo da mai jinyarsa take fitowa, sannan a nemi kuɗi. Wannan ne abin da taron kiwon lafiya na Alma-Ata na 1978 ya yi kira a kai: jama'a na da haƙƙin sa baki wajen tsara kiwon lafiyarsu.

Tun farkon 2025 sojoji suka karɓe Bahri daga hannun RSF, mutane na komawa gida, ana gyaran asibitoci. Fatanmu kada a ce wa waɗannan matasa an gode, a rufe ƙofa. Ya kamata kowane asibiti ya sami kwamitin da majinyata da matan unguwa ke da kujera a ciki, su ga kasafi, su kai koke a saurare su.

Mu ma a Kano da Maraɗi muna da kwamitocin lafiya na unguwa. Mu farfaɗo da su tun muna cikin zaman lafiya, kada mu jira sai wuta ta kama.