Idan tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi: abubuwan dubawa kafin a ce ta mutu

Duk wanda ya leƙa ofisoshin makarantu, ko na ƙungiyoyin manoma, ko shagunan buga takardu da ke bakin ma'aikatu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, zai tarar har yanzu akwai tsofaffin kwamfutocin tebur suna aiki, wato masu akwatin nan da ake ajiyewa ƙarƙashin teburi. Galibinsu kayan gwanjo ne da suka gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka, suka shigo mana ta Kwatano ko Lome ko Legas, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq masu ƙwaƙwalwar Pentium 4 ko Core 2 Duo. Wasunsu sun ba shekara 20 baya. Ranar da ɗaya ta wayi gari ta ƙi tashi, ba kuɗin akwatin ke tayar da hankalin mai ita ba, don ba wata tsada gare shi ba. Abin da ke ciki ne: jerin sunayen ɗalibai da makinsu, lissafin bashin da ƙungiya ke bi, takardun mutane da aka karɓi kuɗin bugawa ba a miƙa ba.

Saboda haka abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ƙin tashin kwamfuta bai nufin bayanan sun salwanta. Suna nan kwance cikin faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira dis dur, kuma sau da yawa shi lafiyarsa lau. Wanda ya fi kashe bayanai shi ne mai gyaran da ba ya son ɓata lokaci, wanda da ganin na'ura sai ya ce a goge ta a sake zuba Windows. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Kada a yarda da shi sai an kwafe abin da ke ciki.

Ƙin tashin ma iri-iri ne, kuma daga yadda ta ƙi ake gane inda za a nufa. Akwai wadda za a danna maɓalli a ji tsit, ba fitila ba ƙarar fanka. Akwai wadda fankarta ke juyawa amma allon kallo baƙi ƙirin. Akwai kuma wadda ke nuna rubutu, sai dai ba ta kaiwa ga buɗe Windows.

Idan shiru kake ji

A fara daga bango. A jona fitila ko cajar waya a soket ɗin a ga ko akwai kuran, a canza igiyar wuta da ta wata na'urar, a cire regilata ko ondilar da ke tsakani a jona kai tsaye. Abin kamar raini, amma a nan ake warware da yawa daga cikin matsalolin.

Sannan a juya bayan akwatin. Kusa da inda igiyar wuta ke shiga, tsofaffin na'urori da dama suna da wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe, an rubuta 115 a ɓangare guda, 230 a ɗayan. Amurka na amfani da wutar volt 120, mu kuwa tamu 220 ce zuwa 230. Na'urar da ta fito daga can maɓallinta na kan 115, aka jona ta a nan ba a duba ba, ƙara ɗaya za a ji da warin ƙuna, akwatin wutarta ya tafi ke nan. Yara ma kan tura shi don wasa. Abin farin cikin shi ne, yawanci akwatin wutar kaɗai ke ƙonewa, sauran kayan su tsira.

Akwatin wuta shi ke karɓar kuran na bango ya mayar da shi volt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke buƙata, shi ne kuma ke fara shan dukan hawa da saukar wuta da na janareta. Masu gyara suna da hanyar gwada shi. A zare wuta daga bango, a cire babban filogi mai ƙafa 20 ko 24 daga babban faranti, a lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takardu a haɗa koriyar waya da kowace baƙa, sannan a mayar da wuta. Idan fankarsa ba ta motsa ba, ya mutu. Idan ta juya, ba a gama ba, sai an sa mita: rawayar waya ta ba da 12, ja ta ba da 5, mai ruwan lemo ta ba da 3.3. Ƙa'idar ta yarda da bambancin kashi 5 cikin 100 ne kawai, wato wayar 12 kada ta gaza 11.4. Wannan gwaji na akwatunan da suka bi tsarin ATX ne. Wasu ƙananan na'urori na Dell da HP filoginsu daban yake, kada a yi musu haka. Kuma kada wanda ba gwani ba ya kwance akwatin wutar kansa, don yana riƙe da wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. Haka nan tsohon allon kallo mai ƙeya irin na talabijin, wanda ke tara dubban volt a cikinsa.

Fanka na juyawa, allo baƙi

Da zarar an kunna kwamfuta, kafin ta nemi Windows, wani ɗan tsari da ke kan babban faranti mai suna BIOS yakan bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana gwada su. Idan ya iske matsala tun allo bai kunnu ba, ba shi da bakin faɗa sai ta ƙara. Ƙara ɗaya gajera, a yawancin na'urori, lafiya ke nan. A BIOS na kamfanin Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nuna ɓangaren hoto, dogaye masu maimaituwa kuma na nuna RAM. Kowane kamfani da nasa yaren, don haka a ƙirga ƙarar a rubuta kafin a je wurin mai gyara. Dell GX270 ma tana da fitilu huɗu a bayanta, A da B da C da D, masu canza launi tsakanin kore da rawaya don nuna inda gwajin ya tsaya.

A ƙasarmu, wanda aka fi kamawa da laifi a nan shi ne RAM, ko kuma a ce ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya cika akwati da garin ƙasa, ya shiga ramukan da sandunan RAM ke zama ya hana ƙafafunsu taɓa juna. Ban da ƙura, masu gyara sun saba tarar da kyankyasai da kashin ɓera, har da gidan zanzaro a kusurwa. A zare wuta, a danne maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta tsiyaye, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai. Wannan taɓawar ba camfi ba ce: a busasshiyar iskar hunturu jiki na tara wutar nan da ke ɗan tsartuwa idan an taɓa ƙofar mota, kuma ta isa ta lalata RAM. Sai a buɗe maƙallan gefe biyu, a zaro sandar, a goge ƙafafunta masu ruwan zinare da robar goge fensir a hankali, a hure ramin, a mayar har a ji maƙallan sun kama da kansu. Idan sanduna biyu ne, a gwada ɗaya-ɗaya, a rami daban-daban. Mai sayen sabuwa ya tafi da tsohuwar a hannu, domin DDR mai ƙafa 184 da GX270 ke ɗauka ba ta shiga ramin DDR2 mai ƙafa 240 na GX280, kuma tilasta mata karya ramin ne.

Wajen kakkaɓe ƙura, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Iskar injin mai faci da wasu ke kai akwatinsu a hure tana zuwa da danshi wani lokaci har da mai, ba ta dace ba. Idan kuma na'urar na tashi sai ta mutu bayan minti ɗaya ko biyu, zafi ne: ko fankar ƙwaƙwalwa ta tsaya, ko man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ya zama gari. Pentium 4 na ƙirar 2004 sun yi suna wajen zafi tun suna sababbi, balle a watan Afrilu a ɗakin da ba iska.

Cutar gwangwanaye

Akwai wata cuta da ta shafi na'urorin wannan zamani musamman, kuma ido kaɗai ya isa gane ta. A kewayen ƙwaƙwalwa akwai wasu ƴan gwangwanaye a tsaye, su ne kondansatar, aikinsu daidaita wuta. Lafiyayye kansa a shafe yake. Wanda kansa ya kumbura, ko ya tsage yana fitar da abu mai ruwan ƙasa kamar tsatsa, ya lalace. Daga kusan 1999 zuwa 2007 an cika kasuwar duniya da irin waɗannan marasa inganci, kuma rahotannin da suka fito a 2002 da 2003 sun danganta wani ɓangare na matsalar da sirrin haɗin ruwan cikinsu da aka sato bai cika ba, wasu masana'antu a Taiwan suka yi aiki da shi. Ruwan kan haifar da iskar haidirojin a ciki har gwangwanin ya fashe.

Dell ta sha nata kason da kondansatar kamfanin Nichicon na Japan. A 2005 ta ware kimanin dala miliyan 300 don gyaran na'urorin OptiPlex, musamman GX270 da GX280, kuma takardun wata shari'a da aka bayyana a 2010 sun nuna cewa tsakanin Mayun 2003 da Yulin 2005 ta fitar da aƙalla na'urori miliyan 11.8 da ke cikin haɗarin wannan lalacewa. Irin waɗannan ne daga baya suka cika kwantenonin gwanjo. Ga kuma zafinmu: a ƙa'idar masu ƙera su, duk ƙarin digiri 10 na zafi na rage rabin rayuwar kondansatar. Alamarta ita ce na'ura ta riƙa tashi yau ta ƙi gobe, ko sai an danna sau biyar. Maganin ba sayen sabon faranti ba ne dole. Mai gyaran rediyo da talabijin da ya iya dalma zai iya canza su, in dai ya sa masu lamba iri ɗaya, masu jure digiri 105, kuma bai juya musu ƙafa ba.

Ta nuna rubutu ta tsaya

Wannan ya fi sauƙi, tunda na'urar na magana. Idan ta ce a danna F1, agogonta kuma ya koma wata tsohuwar shekara, batirin nan ne mai kama da kwabo da ke kan faranti ya ƙare. Sunansa CR2032, volt 3 ne, ana samunsa wurin masu gyaran agogo. Ya fi saurin ƙarewa a na'urar da ta daɗe a ajiye ba a jone ba, shi ya sa kwamfutocin makaranta ke yawan yin haka bayan dogon hutu.

Sai dai ƙaramin batirin nan na iya jawo abin da ya fi shi. Idan ya mutu, BIOS na mance saitin da aka yi masa. Zai iya neman tashi daga wani wuri ba faifan ajiya ba, ko ya canza yadda yake magana da faifan, daga IDE zuwa AHCI ko akasin haka. Windows XP ba ta jure wannan canji. Sai ta nuna shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Mutane da yawa sun goge faifai lafiyayye a kan haka, alhali shiga BIOS da F2 ko F10 ko Del a mayar da saiti guda ya wadatar. Saƙon "NTLDR manque", ko "NTLDR is missing" a na'ura mai Ingilishi, shi ma wani lokaci ba komai ba ne illa an manta kile USB a jiki.

Abin tsoro shi ne a ji faifan yana ƙwas-ƙwas a jere, BIOS kuma bai ganinsa. A duba igiyoyinsa biyu sau ɗaya, idan ƙarar ta ci gaba a kashe, domin kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi. Idan kuwa yana juyawa lami lafiya, a ciro shi a jona a wata kwamfutar, ko da ƴar igiyar da ke mayar da IDE ko SATA zuwa USB, a kwashe takardun kafin a taɓa komai. Wata hanyar ita ce a tayar da na'urar da Linux daga kile USB, wanda ke buɗe faifan ba tare da ya rubuta komai a kansa ba in ba an umarce shi ba.

Ko na'urar ta tashi, mai ita ya san matsayinta. Microsoft ta daina kula da Windows XP tun 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, don haka ba su da kariya idan aka jona su da intanet. Don buga takardu da lissafin Excel a ɗaki, za su iya ƙara shekaru. Faifan da ya shekara 15 yana juyawa kuwa ba abin da za a bar wa rajistar makaranta shi kaɗai ba ne. A ranar da ta tashi ɗin nan a kwafe komai a kile biyu, a ajiye ɗaya a wani ɗakin daban.