Tsohon Saƙi da Kalmominsa a Ƙasar Maraɗi

Fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir da ke Tibiri suna cikin wuraren da mai neman tarihin Hausa yake fara ziyarta a Nijar. Dukkan masarautun biyu sun kafu ne bayan jihadin ƙarni na 19: Katsinawa suka zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka gina Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A hawan salla ake fito da manyan riguna da kayan doki, baƙo ya kalla ya yaba. Ɗalibin harshe kuwa akwai abin da ya fi yabo muhimmanci gare shi, wato sunayen waɗannan kaya, domin kowane suna yana ɗauke da bayani.

Mu ɗauki lifidi. Sulke ne na tufa da ake cusa wa auduga a ɗinke shi layi-layi, a sa wa doki da mahayinsa don tare kibiya. Kalmar ta samo asali daga Larabci, haka ma alkyabba da jabba da alharini. Harafin "al" da ke farkon alkyabba da alharini ya manne, har Bahaushe ya ɗauke shi a matsayin ɓangaren kalmar. Wannan aro shaida ce ta fataucin Sahara. Zaren tsamiya kuwa sunan gida gare shi, don tsutsar da ke yin sa an san ta da zama a itacen tsamiya.

Ta fuskar ƙirar kalma, sana'ar tufafi ta ba mu misalai masu kyau na ɗafa-goshin "ma-". Daga saƙa aka sami masaƙi da masaƙa, daga rina aka sami marini da marina, ga kuma mazari da mata ke kaɗi da shi. Ɗafi guda ya fitar da mai aiki da wurin aiki da abin aiki. Sunayen aikin allura irin su aska biyu da aska takwas sun nuna yadda ake siffanta zane da abin da ya yi kama da shi.

Karin harshe ma yana bayyana. Inda Bakano zai ce auduga, a yammacin ƙasar Hausa kaɗa ake ji. Inda Daidaitacciyar Hausa ke da "rigar sarki", Bagobiri "rigas sarki" yake cewa saboda naso.

Abin damuwa shi ne kalma tana bin sana'arta. Da atamfa da shadda suka cika kasuwa, gwado da luru da saƙi da turkuɗi suka ja baya, kuma matashin da bai taɓa ganin masaƙa ba da wuya ya bambance ƙoshiya da allira. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, amma ƙamus ba ya nuna yadda ake riƙe ƙoshiya.

Don haka duk ɗalibin da ya je Tibiri ko Jiratawa ya nemi tsofaffin da suka yi kaɗi ko saƙa ko rini. Ya tambayi sunan tufar, da sunan kowane sashe nata, da lokacin da ake sa ta, ya naɗi muryar mai bayani domin karin sauti da tsawon wasali su tsira tare da kalmar.