Manhajar salula ga masu gigin tsufa: matsalar harshe a Gangara, ƙasar Damargu

0. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba sharuɗɗan harshe da ya kamata a cika kafin a ƙera manhajar salula mai ƙirƙirarriyar basira domin masu gigin tsufa. Mun ɗauki misalin Gangara, ƙaramar hukuma a gundumar Tanut, jihar Damagaram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin samu.

1. Dalilin aiki cikin wayar

Ciwon yana taɓa tunawa, da sanin lokaci da wuri, da laluben kalma. Aikin manhajar shi ne ta tuna wa tsoho magani da abinci da sunayen iyalinsa. Idan basirar tana cikin wayar kanta, ba ta jiran intanet, wanda ba shi da tabbas a karkara. Muryar majinyaci kuma ba ta fita daga gida. Sai dai ƙaramar waya ƙaramin rumbun harshe take ɗauka, saboda haka tilas a zaɓi abin da zai shiga.

2. Wace Hausa?

Tsarin Whisper na 2022 da MMS na kamfanin Meta na 2023 sun haɗa da Hausa, amma ba don bakin tsofaffin Damargu aka horar da su ba. Abubuwa uku ke jawo hankalinmu.

(a) Karin harshe. Inda daidaitacciyar Hausa ke da «fari», a wurare da dama na Nijar «hwari» ake ji. Aron kalmomi ma daga Faransanci yake: «lakkol», «mushe».

(b) Karin sauti da tsawon wasali. Rubutu ba ya nuna su: «gari» na zama da «gari» na tuwo sifarsu ɗaya a takarda. Manhajar da ta karanta su daidai wa daida za ta ƙara wa ruɗaɗɗe ruɗu.

(c) Harshen uwa. Damargu mahaɗa ce ta Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani. An lura cewa mai harshe biyu, idan ciwon ya yi nisa, yakan koma ga harshensa na farko. Wanda ya yi shekaru yana ciniki da Hausa yana iya wayar gari ba ya amsawa sai da Tamajak ko Barbarci.

3. Lokaci da lissafi

Gwajin Folstein na 1975 yana tambayar kwanan wata da ragin 7 daga 100. Manomin Gangara kuwa da asuba, hantsi, azahar da la'asar yake auna yini, kuɗi kuma da dala: sefa 100 dala ashirin ce. Fassarar kalma da kalma tana iya mai da lafiyayye majinyaci. Shi ya sa binciken Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka soma a 1992, ya yi amfani da gwajin da aka daidaita da al'adar Yarabawa, haɗe da tambayar dangi.

4. Kammalawa

Aikin farko na masana harshe ne: naɗar muryoyin tsofaffin Damargu da yardar iyalansu, da rubuta su tare da alamun karin sauti. Muna kuma ba da shawarar saƙon tunatarwa ya fito da muryar ɗa ko jika, kuma kalmar «hauka» kada ta shiga manhajar.