Abin da ya kamata ku sani game da bango da sihirin sauya ƙasa a wasan Mage Wars

Mage Wars wasan kati ne da kamfanin Arcane Wonders na Amurka ya fitar a 2012, Bryan Pope ne ya tsara shi. Matsafa biyu ke karawa a fili mai gidaje 12, huɗu a tsawo uku a faɗi. Ba a cuɗa kati a ja bisa sa'a: kowane ɗan wasa yana riƙe da littafin sihirinsa, a kowane zagaye ya zaɓi kati biyu da yake so. Shi ya sa duk wanda ya fahimci filin yake gaban abokin karawarsa tun kafin a jefa dayis.

Inda sababbin 'yan wasa suka fi rikicewa shi ne wannan tambaya: idan na sauya ƙasar wani gida, na mayar da shi tudu ko ruwa, me zai sami bangon da ke gefensa?

Amsar tana ga mazaunin bangon. Ba a ajiye katin bango a cikin gida, a kan layin da ya raba gidaje biyu ake ɗora shi, kuma layi ɗaya bango ɗaya yake ɗauka. Sihirin sauya ƙasa kuwa gida yake kamawa. Kamar shinge ne tsakanin gonaki biyu: ka huɗe taka gonar, ka malale ta da ruwa, shingen yana nan inda yake. Haka ma harin da ke dukan duk abin da ke cikin gida ba ya taɓa bango, sai fa in katin ya ambaci bango ƙarara. Wanda ke son rushe shi sai ya nufe shi kai tsaye, daga ɗaya cikin gidajen da ke jingine da shi ko da hari daga nesa, domin yana da rai, wani ma har da sulke, kamar sauran abubuwan da matsafi ke ginawa.

Su ma bangayen ba halinsu ɗaya ba. Na dutse yana hana wucewa, yana tare gani. Na wuta da na ƙaya suna barin a wuce, amma mai wucewa zai ji a jikinsa. Na ƙaya ya fi illa ga manyan halittu. Na hazo ba ya tsayar da kowa, ido kawai yake rufewa. Batun ganin nan ya fi komai nauyi, don yawancin sihiri ba ya aiki sai matsafi yana hangen inda zai jefa shi. Ke nan bango ba ya lalacewa saboda an sauya ƙasa, amma yana iya hana ka sauya ƙasar da ke bayansa tun da farko.

A nan daɗin wasan yake, a ganina. Tunda ɗayan ba ya goge ɗayan, tasirinsu haɗuwa yake yi. Katin tudu mai gangara yana wahalar da mai hawa. Ka gina bangon dutse a gefe ɗaya, ka bar tudun a ɗaya gefen, ka tilasta wa mayaƙan abokin karawarka bin doguwar hanya yayin da maharbanka ke aikinsu. Ko ka tura halittarsa da sihirin turawa: ta ratsa bangon wuta ta ƙone, ko ta bugu da na dutse ta sha harin dayis uku.

Kada dai a dogara da ginin nan fiye da kima. Halittu masu tashi sama suna tsallake bango, ba ya kuma ɓoye su daga ido. Masu iya hawa suna haye shi in suka ba da dukan motsinsu na zagayen.

Kafin a fara gardama a tebur, a ɗauki katin a duba abu biyu: me aka ce yana kamawa, gida ko bango, sannan ko matsafin yana ganin wurin. Idan rubutun wani kati ya saɓa wa ƙa'idar gama-gari, abin da ke kan katin ake bi.