Muwafaka da Saɓani a Ma'aunin Ƙauna

Duk wanda ya daɗe yana cuɗanya da mutane ya san zuciya takan karkata ga wanda ra'ayinsa ya zo ɗaya da nata, kuma a tsakiyar shekarun 1950 wani malami a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Theodore Newcomb, ya ɗora al'amarin bisa ma'auni. Ya tara ɗalibai 17 waɗanda ba su san juna ba, ya sauke su gida guda, yana bin diddigin sha'aninsu mako bayan mako. Da fari maƙwabtakar ɗaki ce ta haɗa su, amma da zama ya yi nisa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya ƙudurta, sai abota ta koma bin sawun muwafaka.

Hukuncin wanda ya sauya ra'ayi ya fi wannan ban mamaki. A wani bincike da ya wallafa a 1951, wani masani, Stanley Schachter, ya cusa mutanensa a asirce cikin majalisun da ke muhawara kan makomar wani yaro mai laifi: ɗaya ya bi jama'a tun farko, ɗaya ya kafe kan saɓani, na uku ya fara da musu sa'an nan ya sauko. Wanda ya kafe an yi ta lallashinsa, daga bisani aka ƙyamace shi. Wanda ya sauko kuwa aka karɓe shi kamar bai taɓa musu ba. Harold Sigall ma ya nuna a 1970 cewa mai magana yakan fifita wanda hujjarsa ta jawo bisa wanda tun asali yake tare da shi, domin na farkon shaida ne a gare shi cewa maganarsa tana da nauyi.

A nan nake jin tsoro, domin idan saukowa tana jawo ƙauna, to mai neman shiga ya sami hanya, wanda kuwa hujja ta tilasta masa barin ra'ayin jama'arsa yakan ɗanɗana kuɗarsa fiye da baƙon da bai taɓa yarda da su ba. Misali, Imamu Shafi'i, almajirin Imamu Malik, da ya sauka Masar ya sake duba fatawoyinsa, ya saɓa wa malaminsa a wasu mas'aloli, sai wasu Malikawan ƙasar suka ɗauke shi da zafi matuƙa, alhali bai gushe ba yana ambaton malamin nasa da girmamawa.