Baban Rafi: ƙauyukan da ke ciyar da murhun Maradi

Duk wanda ya tashi da sassafe a Maradi ya saba ganin amalanke da kamiyo suna shigowa gari maƙare da itacen girki. Kaso mai yawa na wannan itace daga dajin Baban Rafi yake fitowa, kudu maso yamma da birni, a gundumar Madarunfa, dab da iyakar Najeriya. Dajin ya ari sunansa daga wani ƙauye da ke gefensa, kuma shi da ƙauyukan da ke kewaye sun daɗe suna haɗa noma da kiwo da saran itace.

Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Geza da sabara da taramniya su ne suka fi yawa a dajin, sai marke a bakin ƙoramu. Amfanin geza da sabara shi ne in an sare su daidai, kututturen yakan sake toho. A da har giwaye kan ƙetaro daga dazukan Katsina su yi kwanaki a nan, amma yau sai labari.

Tarihi ne ya bar wannan daji a tsaye. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka kafa sabuwar daula a Maradi, kuma aka kwashe kusan ƙarni ana kai wa juna hari. Jejin da ke tsakani ya zama wurin da ba mai iya zama lafiya. Sai da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20 manoma suka soma kafa ƙauyuka, daga baya noman gyaɗa ya ƙara cin daji.

A zamanin mulkin mallaka da bayan 'yancin kai, itatuwa na gwamnati ne. Ɗan kasuwa daga birni zai biya kuɗin takarda, ya zo da mota da ma'aikatansa, ya sare ya tafi. Ɗan ƙauye kuwa tara ce tasa in ma'aikatan gandun daji suka same shi da gatari. Don haka ba wanda ya ga dalilin tsaron dajin da ba nasa ba.

Farin 1973 da na 1984 ya sa aka sake tunani. A watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa kan gurgusowar hamada a Maradi. Daga bisani, da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Denmak, aka fito da sabon tsari, wanda dokar 21 ga Agustan 1992 ta tabbatar: kasuwannin itace na karkara.

Tsarin mai sauƙi ne. Ƙauye yakan kafa kwamiti, a shata masa nasa yanki na daji, a ƙayyade yawan itacen da zai sara a shekara. 'Yan ƙauyen ne ke sara, su tara a bakin hanya, mai mota ya zo ya saya. A nan take ake karɓar haraji, a raba shi tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmalin ƙasa. Itacen da aka saro daga dajin da ba shi da tsari ya fi tsadar haraji, don a ja 'yan kasuwa zuwa inda ake kula da daji. A inda tsarin ya kankama, akan kasa dajin kashi-kashi, a sari ɗaya bana a bar sauran su farfaɗo. Ƙauyukan Baban Rafi na cikin waɗanda suka rungumi wannan tsari, kuɗin itace ya zama abin da ke riƙe magidanta a gida lokacin rani maimakon tafiya ci-rani.

Sai dai tsarin yana tafiya ne muddin akwai sa ido. Maradi na ƙara girma, gonaki na ƙara matsowa, masu sara ta bayan fage ba su san wani ƙayyadadden kaso ba. Ga kuma matsalar da ta fi ko wace: tun wajen 2019 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji, suna fakewa cikin dazukan da ke tsakanin ƙasashen biyu. Inda mai gatari ke tsoron shiga, ma'aikacin gandun daji ma ba ya shiga, sai sara ya taru a bakin dajin da ke kusa da hanya har ya fi ƙarfinsa.

Abin ya shafi mutanen birni kai tsaye. Iskar gas, da gawayin ƙasa na Cirozerin, da murhu mai tsimin itace duk suna rage wa daji nauyi, amma yawancin gidaje har yanzu da itace suke girki. In Baban Rafi ya ƙare, motoci za su nemi itace a nesa, kuma uwargida ce za ta biya kuɗin wannan nisa a kowane ƙulli.